Wutar da ke ƙirga zarra: gano sinadari ɗaya tilo a kromatogarafin ruwa

Kifin teku da jatan lande kan ɗauki asenik mai yawan da in a ruwan sha aka same shi, da tuni an rufe rijiyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikirogiram 10 a kowace lita ta ruwan sha, alhali ba abin mamaki ba ne a auna naman kifi a tarar da miligiram da dama a kilo guda, wato ninki ɗaruruwa. Duk da haka mutane na cin kifinsu lafiya lau. A Bangaladash kuwa, ruwan rijiyoyin burtsatse, wanda asenik ɗinsa bai kama ƙafar na kifin ba, ya jefa miliyoyin mutane cikin haɗarin cututtukan fata da ciwon daji. Sinadarin ɗaya ne, siffar da yake ciki ce ta bambanta. Mafi yawan na kifi yana ɗaure ne cikin wani molekul da ake kira asenobetayin, wanda masu bincike Edmonds da Francesconi da abokan aikinsu suka gano a 1977 cikin wani babban jatan landen tekun Ostareliya, kuma jiki na fitar da shi ta fitsari kusan yadda ya shiga. Na rijiya kuwa asenait ne da asenet, siffofi biyu da ba su haɗe da kabon ba, kuma su ne dafin.

Haka labarin yake a wasu sinadaran. Zaibar da ta nakasa mutanen Minamata a Japan, cutar da hukuma ta tabbatar da ɓullarta a 1956, ta kai ga ƙwaƙwalwa ne saboda ta zo a siffar metilmakuri. Kuromiyam mai caji uku ba shi da wani dafi sosai, mai caji shida kuwa yana jawo ciwon daji. Saboda haka sakamakon gwajin da ya tsaya a kan "jimillar asenik kaza ce" bai amsa tambayar likita ko ta hukumar abinci ba. Sai an raba siffofin, a auna kowacce ita kaɗai.

Rabawar aikin kromatogarafi ce. Tun da Mikhail Tsvet, masanin tsirrai na Rasha, ya zuba ruwan ganye a bututu mai cike da alli a farkon ƙarni na 20 ya ga launuka sun rarrabu, tushen dabarar bai sauya ba. A na'urar zamani da ake kira HPLC, famfo ne ke tura ruwan kora da ƙarfi ta cikin kolom, wato ɗan bututu mai cike da ƙwayoyi 'yan maikiromita. Sinadarin da ƙwayoyin suka fi riƙewa shi ke makara, wanda ba su damu da shi ba ya riga kowa fita. Sai dai abin da ke ɗigowa a ƙarshen kolom ruwa ne garau. Dole a sa wata na'ura a bakin mafitar ta faɗi abin da ke wucewa da yawansa, ta zana shi a matsayin tudu a kan allon kwamfuta.

Wadda aka fi amfani da ita tana haska hasken UV, wanda ido ba ya gani, ta cikin ruwan ta auna wanda aka shanye. Tana da araha, ba ta cika ba da wahala ba, amma tana da rauni biyu. Duk abin da ke shan haske sai ta nuna shi, don haka in samfurin fitsari ne ko ruwan da aka tatso daga shinkafa, ɗan asenik ɗin da ake nema zai nutse cikin ɗaruruwan tuddai da ba ruwansu da maganar. Na biyu, kowane molekul da irin shan haskensa. Girman tudu ba ya faɗin yawan abu sai an samo tsantsar wannan sinadarin an gwada shi an kwatanta. To, yaya za a yi da abin da ba a taɓa ganinsa ba, balle a sayo tsantsarsa?

A nan ne aka ɗauki wata hanya da a farkon ji take kama da ɓarna: a ƙone molekul ɗin ƙurmus, a wargaza shi zuwa ƙwayoyin zarra, sannan a ƙirga zarrar sinadari ɗaya tak da aka sa wa ido.

Wutar da ke wannan aikin filasma ce ta iskar agon, wato iskar da ta yi zafi har zarrarta suka fara sakin elektron. Ana hura agon, wajen lita 15 a minti, ta cikin bututun kwaz guda uku da aka zura ɗaya cikin ɗaya. A bakinsu akwai naɗin tagulla da ke ɗauke da lantarki mai kai-komo sau miliyan 27 ko 40 a daƙiƙa, da ƙarfin da ya ɗan haura kilowat ɗaya. Tartsatsi guda ke tayar da ita, daga nan sai ta riƙe kanta, fara fat, mai zafin digiri 6,000 zuwa 10,000 a ma'aunin Kelbin, wanda ya zarce na fuskar rana. Ruwan da ya fito daga kolom ana fesa shi ya zama hazo, manyan ɗigo su zube a kwalbar feshi, 'yan ƙananan kawai, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a mafeshin da aka saba, su bi tsakiyar wutar. Cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba ɗigon ya bushe, ya zama tururi, molekul ya tarwatse, yawancin zarrar su rasa elektron guda su zama ayon, wato zarra mai caji. Stanley Greenfield a Ingila da Velmer Fassel a Amurka ne suka fara amfani da wannan wutar wajen awo a tsakiyar shekarun 1960, suna karanta hasken da kowane sinadari ke fitarwa, hanyar da ake kira ICP-OES. A 1980 Robert Houk da Fassel da Alan Gray da abokan aikinsu suka nuna cewa ana iya zuƙo ayon ɗin ta wata 'yar huda a auna nauyinsu, kuma a 1983 na'urar ICP-MS ta shiga kasuwa. A cikinta ayon kan ratsa mazurarai biyu na nikel masu huda kamar milimita ɗaya, su shiga inda aka zuƙe iska, sannan sanduna huɗu masu lantarki su tace su, su bar masu nauyi ɗaya kawai su wuce. In aka saita ta a nauyi 75, asenik take gani. Sukari da furotin da kitse da suka cika samfurin duk sun zama kabon da haidirojin da oksijin, ba sa bayyana.

Wannan makantar ga sauran abubuwa ita ce riba ta farko, kuma tana tafe da kaifin gani, domin a sinadarai da yawa ICP-MS na iya hango nanogiram a lita. Riba ta biyu ce ta fi burge ni. Tunda wutar ba ta bar komai a haɗe ba, zarrar asenik da ta fito daga asenet da wadda ta fito daga wani molekul da ba a san sunansa ba amsa ɗaya suke bayarwa. Kamar maƙerin zinariya ne da ya narka zobe da sarƙa da ɗan kunne: sikelinsa zai faɗi nauyin zinariyar kowanne daidai, amma daga narkakken ba zai iya cewa wanne ne zoben ba. Abin nufi, da tsantsar sinadari guda ana iya auna duk tuddan da suka fito, har da baƙin. Masu binciken magunguna sun ci moriyar wannan wajen bin sawun abin da hanta ke mayar da magani, muddin maganin na ɗauke da buromin ko aidin ko farar wuta, ko filatinam kamar maganin daji sisfilatin. Masu nazarin furotin kuma kan auna farar wutar da ke cikin metiyonin da sistin, biyu daga tubalan da ke gina furotin, in sun san adadinsu a furotin ɗin sai lissafi ya ba su yawansa.

Amma wannan daidaiton amsa yana da sharaɗi, kuma nan ne aikin ke yin tsauri. Kolom da filasma ba abu ɗaya suke so ba. Kolom yakan buƙaci gishirin fosfet ko sodiyam, filasma kuwa in narkakken gishiri ya haura kusan kashi 0.2 cikin ɗari sai ya fara daskarewa a bakin mazurari har ya toshe hudar, shi ya sa ake komawa ga gishirin amoniyam da ke ƙonewa ba saura. Kolom irin wanda ake raba magunguna da shi yana son metanol ko asetonaitiril, sau da yawa ana ƙara yawansu a hankali yayin da aikin ke tafiya. Tururinsu na sanyaya wutar, yana iya kashe ta ma, sannan ya bar baƙin kabon a kan mazurarai. Maganin da aka saba shi ne a sanyaya kwalbar feshi, a rage gudun ruwan, a zuba ɗan oksijin cikin agon ya cinye kabon ɗin, a kuma sauya nikel da filatinam don kada oksijin ya ci mazurarin.

Akwai kuma wata illa da ba a ganinta da ido. Asenik da seleniyam suna da wuyar sakin elektron, wajen eV 9.8 (ma'aunin ƙarfin da ake buƙata don ɓalle elektron) kowannensu ke buƙata, don haka ba dukkan zarrarsu ke zama ayon a cikin wutar ba. In kabon ya yawaita, ayon ɗinsa, wanda ke riƙe da eV 11.3, kan ƙwace elektron daga gare su, sai amsar na'urar ta yi sama, wani lokaci ta ninka, daga ɗan metanol kashi kaɗan cikin ɗari. Ke nan tudun da ya fito a minti na biyu da wanda ya fito a minti na goma, bayan metanol ya ƙaru, ba da ma'auni ɗaya aka auna su ba, kuma babu abin da zai nuna hakan a kan allo. Wanda bai lura ba zai rubuta lamba mai kyan gani wadda ba gaskiya ba ce. Ana magance wannan ta hanyar tura wani ruwan bayan kolom, mai raguwa daidai yadda na farko ke ƙaruwa, don abin da ke isa wutar ya zauna iri ɗaya. Hanyar da ta fi kyau ita ce wadda Klaus Heumann ya bunƙasa a Jamus cikin shekarun 1990: a riƙa ɗigo wani aisotof na sinadarin (wato zarrarsa mai wani nauyi daban) da aka yawaita da gangan, misali farar wuta mai nauyi 34, cikin ruwan bayan ya bar kolom, a auna rabon da ke tsakaninsa da na asali mai nauyi 32. Duk abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan, rabon kuma ba ya motsi. Sai dai asenik, wanda aka fi buƙatar dabarar a kansa, aisotof ɗaya gare shi a duniya, don haka dole a haƙura da wani sinadarin na kusa, kamar jamaniyam, ya tsaya a madadin.

Sannan ga masu shigar burtu. Na'urar nauyi take aunawa, ba ta tambayar waye mai nauyin. Agon 40 in ya manne da kulorin 35 ya zama 75, daidai da asenik, kuma kulorin na cikin fitsari da ruwan teku da jini. Agon biyu sun ba da 80, nauyin aisotof ɗin seleniyam mafi yawa. Agon da kabon sun ba da 52, wurin kuromiyam, abin da ke tsananta da zarar an sa metanol. Oksijin biyu kuwa 32 ne, sun zauna daram a kujerar farar wuta. Wani lokaci kolom ɗin kansa ke ceto, domin kulorin na fita a nasa lokacin daban, a gan shi a matsayin tudun bogi a wuce shi. In hakan bai isa ba, ana sa wani ɗan ɗaki mai iskar hiliyam a kan hanyar ayon: masu zarra biyu sun fi faɗi, sun fi yawan karo, sai ƙarfinsu ya ƙare a tsayar da su. A 2012 kamfanin Agilent ya fito da na'ura mai matata biyu, ɗaya kafin ɗakin ɗaya bayansa. Ta farko ta bar 75 kawai ya shiga, a ciki oksijin ya kama asenik ya mayar da shi 91, ta biyu ta ƙirga 91, ɗan bogin kuma ya rage a 75 an bar shi baya. Da wannan dabarar ce fosfaras ke komawa 47, farar wuta 48, kuma ita ta sauƙaƙa awon waɗannan biyun ƙwarai.

A ɗauki shinkafa, tunda a kanta doka ta fi fitowa fili. Tana zuƙar asenik fiye da sauran hatsi saboda a ruwa kwance ake nomanta. Hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta sa iyakar miligiram 0.2 a kilo ga shinkafar da aka goge a 2014, kuma iyakar ta shafi asenait da asenet ne kawai, ban da siffofin da ke da kabon. Tarayyar Turai ta sa 0.1 ga shinkafar abincin jarirai daga 2016. Doka irin wannan ba ta aiwatuwa sai da rabawa. Ana niƙa shinkafar, a dafa garin cikin ruwan asid naitirik mai rauni ƙasa kaɗan da tafasa, a tace, a tura cikin kolom mai riƙe ayon masu cajin negatif. Asenait ke fara fitowa, sai DMA da MMA bi da bi (siffofi biyu masu kabon), asenet a ƙarshe. Matsalar tana ga na farkon. A ruwan da ba shi da tsami ko kanwa sosai asenait ba shi da caji, kolom ba ya riƙe shi, don haka yakan fito tare da duk wani tarkacen da ba a riƙe ba, har da asenobetayin in abincin na da kifi a ciki. Mafi dafi da mafi rashin dafi sun haɗu a tudu guda, na'urar kuma 75 kawai ta sani. Mafitar da ƙa'idar Turai EN 16802 ta bi ita ce a zuba haidirojin feroksaid tun wurin dafawa, ya mayar da asenait duka asenet, wanda ke fita can baya shi kaɗai. An rasa sanin rabon biyun, amma an sami lambar da doka ke nema ba tare da ruɗu ba.

Ba kowane ɗakin gwaji ke iya ɗaukar kuɗin ICP-MS da agon ɗin da take sha ba, kuma ba dole sai ita ba. Ga asenik da seleniyam da antimoni akwai hanyar haɗa ruwan da ya fito daga kolom da asid da sodiyam borohaidiraid, sinadarin ya tashi a matsayin iska ya bar dattin samfurin a ruwa, a kai shi 'yar ƙaramar wutar haidirojin, a haska shi da fitilar da ke ba da haskensa, a auna wanda ya mayar. AFS ke nan, ta yaɗu sosai a Sin, kuma kaifinta ba abin rainawa ba ne. Sai dai asenobetayin ba ya zama iska sai an fara farfasa shi da hasken UV da sinadarin fasalfet, sannan kowace siffa da irin saurin tashinta, don haka daidaiton amsa ya tafi. ICP-OES ta fi jure gishiri, amma ganinta bai kai na ICP-MS ba.

Naitirojin, wanda filasma ba ta da amfani a kansa tunda iskar da ke kewaye da wutar cike take da shi, yana da tasa na'urar, CLND. Tana ƙone ruwan a tanda mai zafin da ya haura digiri 1,000, naitirojin ya zama iskar NO (haɗinsa da oksijin), a gama shi da ozon, haɗuwar ta fitar da haske ja mai rauni, a ƙirga hasken. Yawancin magunguna na da naitirojin, don haka da kafeyin kaɗai, mai zarra huɗu a kowane molekul, ana iya auna sabon sinadarin da aka ƙirƙira jiya. Sharaɗinta shi ne kada ruwan kora ya ƙunshi naitirojin ko kaɗan, wato ba asetonaitiril, ba amoniyam. Kuma molekul mai naitirojin biyu manne da juna yakan ba da amsa ƙasa da yadda ya kamata, saboda wani kaso na tserewa a matsayin iskar naitirojin da ba ta haske.

Duk waɗannan na'urori bashi ɗaya ke kansu: sun faɗi nawa, ba su faɗi wane ne ba. Shaidar da ta rage kan sunan tudu ita ce lokacin fitowarsa, kuma a ganina ana dogara da wannan shaidar fiye da ƙimarta. Abubuwa biyu na iya fitowa a daƙiƙa ɗaya, kamar yadda muka gani. Gishirin samfur na iya tura tudu gaba ko baya. Abin da ya fi waɗannan muni, siffar na iya sauyawa tun kafin ta kai kolom: asenait ya zama asenet a cikin kwalba, kuromiyam mai caji shida ya koma mai uku da zarar ya gamu da asid da tarkacen tsirrai, a fito da sakamakon da ke cewa ƙasa ko ruwa ba su da haɗari alhali suna da shi. Saboda haka ne hanya mai lamba 6800 ta hukumar kare muhalli ta Amurka ke sa a yi wa kowace siffa alama da nata aisotof tun farko, kuromiyam 50 ga mai caji uku, 53 ga mai shida, ta yadda ko sun rikiɗe a hanya lissafi zai nuna nawa ne ya sauya sheƙa.

Akwai bincike guda mai sauƙi da nake ganin bai kamata a karɓi rahoto ba tare da shi ba. A narkar da wani ɓangare na samfurin gaba ɗaya a auna jimillar sinadarin, a auna jimillar da ke cikin ruwan da aka tatso, sannan a tara tuddan da suka fito daga kolom. In jimilla 100 ce, tuddai suka ba da 60, to 40 na wani wuri, ko ba ta tatsu ba ko ta maƙale a kolom, kuma babu mai ikon cewa ba ta da dafi. Na'urar UV ba za ta taɓa iya faɗin abin da ya ɓace ba. Mai ƙirga zarra tana iyawa, kuma barin wannan damar asara ce babba. Baƙon tudun da ya bayyana kuwa, hanyar sanin sunansa ita ce a raba ruwan gida biyu a bakin kolom, rabi ya tafi filasma, rabi ya tafi na'urar ilektirosifire, wadda John Fenn ya sami kyautar Nobel a kanta a 2002, mai ɗaga molekul cikakke ba tare da fasa shi ba. Ɗaya ta nuna inda asenik yake da yawansa, ɗayar ta ba da nauyin molekul da ginin jikinsa. Ta haka aka bankaɗo siffofin asenik masu narkewa a kitse cikin man kifi, waɗanda tatsa da ruwa ba ta taɓa fito da su ba.

Fulorin ne har yanzu ya gagari wutar. Yana buƙatar eV 17.4 kafin ya saki elektron, agon kuma 15.8 gare shi, don haka kusan dukkan zarrarsa na ratsa filasma ba caji. Ga shi kuwa buƙatar ta matso, domin sinadaran PFAS masu ɗauke da fulorin, waɗanda ba sa ruɓewa a muhalli, sun kai dubbai, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke da tsantsar da za a kwatanta da ita. Inda aka ƙone samfur aka auna jimillar fulorin mai haɗe da kabon, sau da yawa akan tarar sanannun PFAS ba su cike lissafin ba, wani lokaci ma ƙaramin kaso ne. Dabarar da ake gwadawa a ICP-MS ita ce a ɗigo bariyam bayan kolom, ya kama fulorin a cikin wutar, a auna su a haɗe a nauyi 157. Tana aiki, tana kuma nuna tuddan da sauran hanyoyi suka tsallake, amma kaifinta bai kai na awon asenik ba ko kusa, don haka sai an tattara samfurin ya yi kauri sosai kafin a tura shi kolom.